Ranar haihuwa tana komawa baya da kwana ɗaya: shin "a adana komai a UTC" gaskiya ce?

Almajirin_JS:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fom na rajista a shafin da nake ginawa, mutum yana zaɓar ranar haihuwarsa. In ya zaɓi 15 ga Mayu 1998, sai in leƙa rumbun bayanai in tarar da 14 ga Mayu. Kowa ya yi rajista sai an zaftare masa kwana ɗaya. Ga abin da nake yi a JavaScript: ina haɗa ranar da new Date(1998, 4, 15), in kira toISOString(), in yanko haruffa goma na farko in tura wa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Duk inda na karanta cewa ake yi ka adana komai a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ka huta. To na adana, ban huta ba. Wannan shawarar gaskiya ce kuwa, ko akwai inda ba ta aiki?

Bilki_dev:
Wa alaikumus salam. Kafin ka yanke komai, buga abin da toISOString() ya ba ka gaba ɗaya ka duba. In agogon kwamfutarka yana gaban UTC da awa ɗaya, za ka ga 1998-05-14T23:00:00.000Z. Dalili shi ne new Date(1998, 4, 15) yana nufin sha biyun dare a agogonka kai, shi kuwa toISOString() kullum da agogon UTC yake magana. Sha biyun darenka sha ɗayan dare ne na jiya a UTC. Kai kuma ka yanke sa'ar ka yar, ka riƙe ranar. Can kwananka ya tafi.

Almajirin_JS:
Wallahi haka na gani, 23:00 ɗin nan. Na gode Yaya Bilki. To in ƙara awa ɗaya kafin in tura ke nan?

Bilki_dev:
A'a, don Allah kar ka yi. Ka gyara wa kanka ne kawai. Wanda ke Indiya yana gaban UTC da awa 5 da minti 30, na Nepal awa 5 da minti 45. Awa ɗayanka ba za ta yi musu komai ba.

Tsohon_PHP:
Yaro, ranar haihuwa ba lokaci ba ce, kwanan wata ne. Wanda aka haifa 15 ga Mayu, ko ya koma Japan ko ya koma Amurka, 15 ga Mayu aka haife shi. Babu sa'a a ciki, babu shiyyar lokaci, don haka babu abin da za a mayar zuwa UTC. Akwatin input mai type="date" da kansa yake ba ka rubutu kamar 1998-05-15. Ɗauki rubutun nan yadda yake ka tura, ka ajiye shi a gurbi nau'in DATE. Kar ka bari Date na JavaScript ya taɓa shi ko kaɗan.

Zakaran_Dare:
Ni dai ban yarda a ce shawarar UTC ce ta gaza ba. Shekara da shekaru nake bin ta: saba a UTC, rumbun bayanai a UTC, sai wajen nuna wa mai amfani ake juyawa zuwa agogonsa. Ban taɓa da-na-sani ba. Matsalar Almajiri ita ce ya cakuɗa agogon gida da na UTC a layi ɗaya. Da ya rubuta new Date(Date.UTC(1998, 4, 15)) da 15 ɗin ta fito masa daidai.

Bilki_dev:
Za ta fito daidai wajen turawa, Malam Zakara. Amma jira ranar da za a karanto ta a nuna. In ka yi new Date("1998-05-15"), JavaScript yana ɗaukar wannan a matsayin sha biyun dare na UTC. Mai amfani da ke New York a watan Mayu yana bayan UTC da awa 4, don haka getDate() zai ba shi 14, ƙarfe 8 na dare. Kwana ɗayan da ka tsare wa mutanen gabas ya ɓace wa mutanen yamma. Sai dai in ko'ina a kod ɗinka za ka tuna ka yi amfani da getUTCDate(), kuma duk wanda ya gaje ka ma ya tuna.

Kyauta_22:
Tsaya. Wato "1998-05-15" UTC ne, to in na ƙara sa'a fa?

Bilki_dev:
Nan ne abin dariyar. new Date("1998-05-15") UTC ne. new Date("1998-05-15T00:00") kuwa, tunda da sa'a amma babu Z a ƙarshe, agogon gida ne. Haruffa shida ka ƙara, ma'anar ta canza gaba ɗaya. Kuma ba kuskuren burauza ba ne, haka ƙa'idar harshen ta tanada.

Kyauta_22:
Inna lillahi. Wa ya tsara wannan abu haka?

Tsohon_PHP:
Gado ne. A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape cikin gaggawa, aka kwaikwayo Date daga na harshen Java na wancan zamani har da lahaninsa. Shi ya sa wata yake farawa daga 0, Janairu 0, Disamba 11, alhali kwanakin wata daga 1 suke farawa. Kun ga Almajiri ya rubuta 4 yana nufin Mayu. Java ta daɗe da yin watsi da yawancin wannan tsari, ita kuwa JavaScript ba ta da halin canzawa, domin in ta canza shafuka marasa adadi za su lalace. Ku gwada new Date(98, 4, 15) ma ku gani, 1998 zai ba ku, ba shekara ta 98 ba.

MaiRumbu:
Bari in shigo ta ɓangaren rumbun bayanai, don yawancin rigimar a can take ƙarewa. Abin da ke cikin Date lamba ɗaya ce tak: milisakan nawa suka wuce tun 1 ga Janairu 1970, ƙarfe 00:00 UTC. Babu shiyyar lokaci a cikinsa. Shiyyar da kuke gani in kun buga shi, ta na'urar da ke nunawa ce. Wannan lambar ta dace da abin da ya riga ya faru: an biya kuɗi, an aika saƙo, an shiga asusu. Abu ne da ya auku a lokaci guda a duniya duka, ko da agogon kowa ya nuna daban. A nan ina tare da Zakara ɗari bisa ɗari.

Amma ku kula da sunayen gurabe, suna ruɗar mutane. A PostgreSQL, timestamptz ba ya ajiye shiyyar da ka ba shi. Yana mayar da lokacin zuwa UTC ya ajiye, ya manta daga ina ya zo, in ka karanta ya nuna maka da shiyyar zaman da kake ciki. A MySQL, TIMESTAMP ma yana juyawa zuwa UTC, DATETIME kuwa abin da ka ba shi yake ajiyewa ba tare da ya tambayi na wace ƙasa ba ne. Na taɓa gadon wani aiki da rabin layukan DATETIME ɗinsa agogon gida ne, rabi UTC, saboda an sauya saba a tsakiyar tafiya. Babu wata alama a jikin layukan. Sai da muka bi ranar da aka yi ƙaura muka raba su da hannu.

Sadiya_M:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Saba tana turo min 1700000000, in na saka a new Date sai ya ce 20 ga Janairu 1970. Ko shi ma UTC ɗin ne?

Tsohon_PHP:
A'a 'yata, wannan sakan ne aka turo miki, JavaScript kuma milisakan yake ƙirgawa. time() na PHP sakan yake bayarwa. Ninka da 1000, za ki ga 14 ga Nuwamba 2023. Ki riƙa ƙirga lambobin: in goma ne sakan ne, in sha uku ne milisakan.

Sadiya_M:
Ya yi! Allah ya saka da alheri, Baba.

Gwani_Habu:
Na karanta duka, kuma ina ganin akwai kashi na uku da ba a taɓo ba. Tsoho ya yi maganar kwanan wata zalla, MaiRumbu ya yi maganar abin da ya wuce. Saura alƙawarin gaba, kuma a nan ne UTC kaɗai yake iya kayar da kai.

Ga misali. Wani ya saka taro a Alƙahira ƙarfe 9 na safe, ranar 10 ga Mayu 2023, ya kuma saka shi tun watan Janairu. A lokacin Masar tana UTC+2, sai ka lissafa ka ajiye 07:00 UTC. A watan Maris na shekarar gwamnatin Masar ta sanar za ta dawo da matsar da agogo na lokacin zafi, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu. Ranar taro ƙasar tana UTC+3. Manhajarka ta ɗauko 07:00 UTC ta juya, ta ce wa mutane ƙarfe 10. Lissafinka bai yi kuskure ba, dokar ƙasa ce ta canza bayan ka ajiye. Mutumin bai ce yana son 07:00 UTC ba, cewa ya yi ƙarfe 9 a Alƙahira. Abin da ya faɗa shi za ka ajiye: 2023-05-10 09:00, tare da sunan shiyya Africa/Cairo.

Zakaran_Dare:
Gwani, sau nawa hakan yake faruwa? Kar mu ɗora wa mai koyo kayan da ba zai iya ɗauka ba saboda abin da sai an shekara goma ake gani.

Gwani_Habu:
Ya fi yadda kake zato, ranka ya daɗe. Turkiyya ta tsaya a UTC+3 a 2016 ta daina canza agogo. Brazil ta soke nata canjin a 2019. Kazakhstan ta haɗe ƙasar duka a UTC+5 ranar 1 ga Maris 2024. Labanon a Maris 2023 ta ɗage canjin agogo ana saura 'yan kwanaki, wasu hukumomi suka bi wasu suka ƙi, har ƙasar ta yi kwanaki da agogo biyu. Maroko a 2018 ta tsaya a UTC+1 amma da komawa UTC a watan Ramadan, wanda kowace shekara ranarsa daban a kalandar Miladiyya. Samoa ma ranar 30 ga Disamba 2011 ɗungurungum ta tsallake, daga Alhamis aka wayi gari Asabar. Shi ya sa rumbun shiyyoyin lokaci na IANA, wanda Arthur David Olson ya fara Paul Eggert kuma yake kula da shi, ake sabunta shi sau da yawa a shekara guda.

Kuma ko babu gwamnatin da ta canza ra'ayi, taron da ke maimaituwa ya isa ya kama ka. Darasi kowace Litinin ƙarfe 9 a Landan: a Janairu 09:00 UTC ne, a Yuli 08:00 UTC. Wanne za ka ajiye?

Zakaran_Dare:
Na karɓi maganar mai maimaituwa. Amma duk da haka sai ka lissafa UTC, in ba haka ba ta yaya za ka jera taruka daga ƙasashe daban-daban, ko ka san lokacin tura tunatarwa?

Gwani_Habu:
Ka lissafa mana, ka ma ajiye a gurbi na daban don saurin bincike. Sai dai ka san lokacin da mutumin ya faɗa da sunan shiyyarsa shi ne asali, na UTC lissafi ne da za a sake in dokar shiyya ta canza.

Inna_Hauwa:
Abin da zan ƙara a kan na Gwani: tazara daga UTC daban, shiyyar lokaci daban. +01:00 tazara ce kawai. A watan Janairu, Africa/Lagos da Europe/Paris duk +01:00 suke. A Yuli Faris ta koma +02:00, Legas tana nan inda take. In +01:00 kaɗai ka ajiye, ba ka san wanne daga cikinsu ake nufi ba. Kuma ku guji gajerun sunayen nan masu haruffa uku. IST na iya zama Indiya, ko Isra'ila, ko Ayalan. CST na iya zama tsakiyar Amurka ko Sin ko Kuba.

Kyauta_22:
Ni getTimezoneOffset() nake turawa saba don in san inda mutum yake. Laifi ne?

Inna_Hauwa:
Tazarar wannan lokacin kawai yake ba ka, kuma alamarsa a juye take: wanda ke UTC+1 zai samu -60. Abin da kake so shi ne Intl.DateTimeFormat().resolvedOptions().timeZone, shi ne zai ba ka cikakken suna kamar Asia/Kolkata. Wajen nunawa ma Intl.DateTimeFormat yana karɓar timeZone, ka nuna lokaci da agogon kowace shiyya ba tare da ka sauke laburare ba, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta.

Dan_Takwas:
Mu da masu amfani da shafinmu duk suna shiyya ɗaya, kuma ba a canza agogo a wurinmu, duk wannan bai shafe mu ba ai.

MaiRumbu:
Ya shafe ka, ɗan'uwa. Sabarka tana ina? Yawancin sabobin haya a UTC ake saita su. Ka ce a ba ka rahoton odar da aka yi yau, ka tara da kwanan watan UTC. In kana UTC+1, duk odar da ta shigo tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya za ta faɗa cikin jiya. Ba za ka lura ba sai ƙarshen wata, ranar da mai lissafin kuɗi ya ce adadinsa bai yi daidai da naka ba. A PostgreSQL sai ka juya da AT TIME ZONE tukuna, sannan ka yanke rana. Matsalar Almajiri ce sak, ta ɓullo ta wata ƙofar.

Dan_Takwas:
To fa. Bari in je in duba rahotona.

Zakaran_Dare:
Wani tarkon kuma, tunda an fara lissafo su: ƙara kwana ɗaya ta hanyar ƙara milisakan 86,400,000. A New York ranar 10 ga Maris 2024 awa 23 ce, agogo ya yi tsalle daga ƙarfe 2 zuwa 3 na dare, 2:30 ba ta wanzu ba sam. Ranar 3 ga Nuwamba kuma awa 25 ce, 1:30 ta zo sau biyu. Wanda ya saita aikin saba ya tashi 2:30 da agogon gida ya san abin da nake faɗa. Wannan ma hujja ce a gare ni: bar saba a UTC, UTC ba ya tsalle.

Bilki_dev:
Lissafin wata ma haka yake. Ɗauki 31 ga Janairu 2023 ka yi setMonth(1), Fabrairu ba ta da 31, sai ya malala zuwa 3 ga Maris. A 2024 kuwa 2 ga Maris, tunda Fabrairu ta yi 29. Kuma setMonth yana canza ainihin Date ɗin ne, ba sabo yake ba ka ba, duk inda aka riƙe shi a kod ya canza tare.

Tsohon_PHP:
Zakara, UTC ba ya tsalle ka ce? Yana yi, sai dai kaɗan. Tun 1972 an cusa masa sakan na ƙari sau 27 don ya yi daidai da juyawar duniya, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016, inda agogo ya nuna 23:59:60. Na watan Yuni 2012 ya rikita sabobi da dama masu Linux. JavaScript dai ba ya ƙirga su, kowace rana a wurinsa sakan 86,400 ce. A 2022 babban taron ma'aunai na duniya ya yanke a daina wannan ƙari nan da 2035.

Zakaran_Dare:
Baba ka kama ni. Amma ba na jin sakan ɗaya zai hana Almajiri barci.

Sadiya_M:
Ni abin da ya ba ni tsoro shi ne na 2038 da na ji ana faɗa. Gaskiya ne komai zai tsaya?

MaiRumbu:
Ba komai ba. Tsarin da ke ajiye sakan a lamba mai bit 32 yana cika ne a 2,147,483,647, wato 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 03:14:07 UTC. Date na JavaScript ba ya cikin wannan, yana kaiwa kwana miliyan 100 gaba da bayan 1970. Amma TIMESTAMP na MySQL a nan iyakarsa take. Kuma ba sai 2038 ta zo ba: in kana ajiye ranar ƙarewar wata yarjejeniya ta shekara 20, yau ma za ka ci karo da shi. Ga wani dalilin ma da ya sa ranar haihuwa ba ta shiga TIMESTAMP, duk wanda aka haifa kafin 1970 ba shi da wuri.

Kyauta_22:
To wace laburare za mu yi amfani da ita? Koyarwar da nake bi Moment take koyarwa.

Inna_Hauwa:
Koyarwar ta tsufa. Masu Moment da kansu sun sanar a 2020 cewa sun daina ƙara masa sabon abu, sun ce sabon aiki ya nemi wani. Akwai Luxon, date-fns da Day.js. In shiyyoyi ne damuwarka, ni Luxon nake zaɓa. Sannan ga Temporal da aka gina cikin harshen kansa, Firefox ta fara fitar da shi a 2025. Abin da ya burge ni shi ne ya raba abubuwan da muke ta musu a kai tun ɗazu: Temporal.PlainDate na ranar haihuwa, Temporal.Instant na abin da ya faru, Temporal.ZonedDateTime na taron Gwani. Wata ma daga 1 yake farawa. Sai dai ka duba ko burauzar mutanenka ta san shi kafin ka dogara da shi.

Tsohon_PHP:
Laburare ba ta san abin da kake nufi ba. In ka ba Luxon ranar haihuwa ka ce ya mayar UTC, zai mayar maka ba musu, kwanan kuma ya ɓace kamar dai yadda ya ɓace wa yaron nan. Mai nema a duhu, ko fitilar wa ka ara masa sai ya san abin da ya yar.

Dan_Takwas:
Na dawo. MaiRumbu ya yi gaskiya, odar ƙarfe 12:20 na dare tana cikin rahoton jiya.

Bilki_dev:
Shawara ga kowa: ku riƙa gwaji da agogon da ba naku ba. A Node, mai gudanar da JavaScript a wajen burauza, kana iya rubuta TZ=America/Los_Angeles kafin umarninka, ka sake da TZ=Pacific/Kiritimati wadda ke UTC+14. A kayan aikin masu gini na Chrome ma akwai wurin sauya shiyya a ɓangaren Sensors. In kod ɗinka ya tsira daga waɗannan biyun, da wuya ya ba ka kunya. Kuma kar ku tura wa new Date rubutu irin 03/04/2024, shi 4 ga Maris zai karanta ko da 3 ga Afrilu kake nufi.

Gwani_Habu:
Kuma kar a yarda da agogon wayar mai amfani a abin da ke da wa'adi, kamar rufe jarrabawa ko rajista. Date.now() abin da na'urarsa ta ce ne, shi kuma yana iya mayar da agogonsa baya. Saba ce za ta yanke hukunci.

Almajirin_JS:
Na cire new Date daga fom ɗin gaba ɗaya, rubutun nake turawa kai tsaye zuwa gurbin DATE, 15 tana zama 15. Na gode muku duka. Amma yanzu ga wata: ina son shafin ya tura wa mutum saƙon taya murna ranar haihuwarsa. Da agogon wa zan san ranar ta kama, nasa ko na saba? Kuma wanda aka haifa 29 ga Fabrairu fa?

Zakaran_Dare:
Ka tura ƙarfe 12 na rana UTC. Ga mafi yawan duniya ranar ɗaya ce a wannan sa'ar, ka huta da ajiye shiyyar kowa.

Gwani_Habu:
Wanda ke New Zealand zai samu nasa bayan ranar ta wuce. Ka ajiye shiyyarsa tun wajen rajista, layi ɗaya ne Inna ta nuna maka a sama.

Zakaran_Dare:
In ya yi tafiya kuma fa? Shiyyar da ka ajiye ta zama tsohon labari.

Inna_Hauwa:
Sai ka sabunta duk lokacin da ya shiga asusunsa. Na 29 ga Fabrairu kuwa ba kod ne zai yanke maka ba, kai za ka zaɓa, 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris. Ka dai rubuta lissafin shekarar daidai: wadda ta rabu da 4, ban da wadda ta rabu da 100, sai in ta rabu da 400. 2000 tana da 29 ga Fabrairu, 2100 ba za ta samu ba.

Kyauta_22:
Ni 28 zan zaɓa, ai a Fabrairu aka haife shi.

Tsohon_PHP:
Ni kuma 1 ga Maris. Ranar 28 shekararsa ba ta cika ba tukuna.